Turken da Na Kafa a Gindin Tsamiya

Ban taɓa mantawa da ranar da na kafa turke a wani ƙauye yamma da Yankara ba. A shekarun da kuɗin mai ya shigo ne, ina ƙaramin jami'i a sashen ruwan karkara, ga sabon babur, ga girman kai. Allah ya jiƙan wancan zamani, gwamnati ce ke bin talaka da aiki tana roƙonsa ya karɓa.

Ƙa'idarmu ita ce ni zan fara zuwa in auna ƙasa, inda na ga alamar ruwa in kafa turke, sannan motar haƙa rijiya ta biyo baya. Garin da bai shirya ba kafin damina, a tsallake shi. Matan ƙauyen nan kuwa tafiya mai nisa suke yi su tono ruwan rafi, ja wur kamar kunun kanwa.

Awona ya faɗa gindin wata tsohuwar tsamiya, wadda sai an sare ta mota za ta samu wurin tsayawa. Aka ce mini nan Maguzawan unguwar gabas ke yanka idan shuka ta kusa. Na ce a raina, to ai faɗuwa ta zo daidai da zama: gari mafi yawansa Musulmi, har godiya za su yi mini. Ban tambayi kowa ba na buga turkena.

Ranar da muka zo da mota da shugabana, Alhaji Lawal, sai muka tarar da limamin garin, Malam Isiyaku, ya shimfiɗa buzu a jikin turken.

"Malam, kai da ya kamata ka riƙe mana gatari?" in ji Alhaji Lawal.

"Alhaji, abin da suke yi a nan ba addinina ba ne, kuma na sha hwaɗa masu," in ji liman. "Amma shekarar hwari da ta wuce, Baba Tanko, Sarkin Nomansu, shi ya buɗe rumbunanshi muka ci har damina ta sauka. Bai tambayi wa ke salla ba. In ci hatsin mutum in sare mashi itace? Ku tahi da motarku."

Na waiwayi matan da ke tsaye da tuluna, ina jiran su yi masa ca. Ko ɗaya ba ta tanka ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na koma ofis na rubuta cewa mutanen garin sun ƙi ci gaba. Kwamiti ya zauna, aka soke sunansu.

Bayan 'yan kwanaki wani tsoho ya shigo ofishinmu da sanda, ƙafafu fururu, a ƙasa ya tako. Ashe Baba Tanko ne.

"Ni ban iya barci ba," ya ce. "Ɗiyan mutane na shan taɓo don an rufa mani asiri. Ku haƙa. In sai an sare ta, a sare, na ɗauki laihin a kaina."

Alhaji Lawal ya juyo gare ni. "Dole sai mota? Kakanninmu da me suka haƙa?"

Kunya ta kama ni, don ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ya koma kwamiti da kansa ya yi ta fama har aka mayar da sunan garin. Muka kawo masu haƙa da hannu, aka zuba kwankare, Musulmi da Maguzawa na karɓa-karɓa wajen jan guga, aka cim ma ruwa kafin saukar damina. Ko reshe ba a taɓa ba. Daga nan aka ƙara layi a takardar aikinmu: kada a kafa turke sai an zauna da dattawan gari.

Ku da ke aikin yanzu za ku ga layin kamar wani masani ne ya tsara shi. A'a, tsofaffi biyu ne, kowanne ya yarda ya yi asara don kada ɗan'uwansa ya ji kunya. Ni na iya auna inda ruwa yake, amma ban san a wane hali mutane za su yarda su sha shi ba, sai da suka koya mini.