Taici a kan dutsen kakanni ya raba ni da ladanci

Ƙarfe bakwai saura kwata na safe, ranar wata Alhamis, a zauren liman. Mu huɗu ne: liman, na'ibinsa, baffana wanda shi ne babba a gidanmu, sai ni da aka kira. A lokacin ni ne ladanin masallacin ƙauyenmu a ƙasar Buza. Tsohon soja ne ni, marar wasa. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, amma bariki ta koya mini tsari, ta kuma cusa mini wani hali na ƙin yi wa kowa bayanin kaina.

Zan bi labarin daki-daki. Da numfashi abin ya fara. In na ɗauki kiran salla sai murya ta yanke mini a tsakiya, ƙirji ya riƙe, gwiwoyi su kama rawa. Majo, babban ma'aikacin asibitin garinmu, ya auna ni, ya ce tansiyo ne, wato hawan jini, ya ba ni ƙwayoyi, ya ce in riƙa motsa jiki a hankali. Ana nan sai ƙanena ya zo gida. Direban kamiyo ne, babbar motar kaya, ya daɗe yana aikin hanya tare da Sinuwa, mutanen ƙasar Sin. Ya ce akwai wani tsoho cikinsu da ya girme ni amma yana hawa tudu ba haki, kuma kowace safiya yana wani abu da suke kira taici. Ya tashi ya gwada mini a bayan rumbu. Na yi dariya, sannan na kasa daina kallo. Ta yaya abin da ba gudu, ba tsalle, ba gumi zai gyara jiki?

Farko tsayuwa: ƙafafu a ware, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Sai a ɗaga hannuwa sannu kamar ana fiddo su daga ruwa, ana jan numfashi, a sauke su ana saki. Bayan nan a mai da nauyin jiki kan ƙafa ɗaya kafin a ɗaga ɗayar. Ni kuwa sai in yi shi da ƙarfi, in gama nan da nan. Ƙanena ya riƙe ciki yana dariya, yana kirana sarjan, ya ce wannan ba rawar soja ba ce, in yi kamar ina ɗauke da ƙwaryar nono cike a ka. Ban taɓa sanin yin abu a hankali ya fi yin sa da sauri wuya ba sai ran nan.

Da ya koma wurin aiki na ci gaba ni kaɗai. Kunya ta hana ni yi a gida, kada iyali su ga maigida yana shafa iska. Na nemi wuri shimfiɗaɗɗe inda ba kowa, na samu falalen dutse a bayan gari. Kullum bayan asuba sai in hau, in fuskanci gabas don rana ta dafa mini ƙirji. Kafin damina ta faɗi na ga canji. Barci ya dawo, ina tashi daga sujada ba tare da na dafa ƙasa ba, faɗan da nake yi da mutanen gida ya ragu. Kiran salla kuwa, ban taɓa jan sa da tsawo haka ba tun ina saurayi.

Abin da ban tsaya na auna ba shi ne wannan. Kakanninmu Azna ne, masu addinin gargajiya, kuma a kan wannan dutse kakana yake yanka kafin shuka. Mata masu zuwa itace suka ga jikansa tsaye a wurin, hannuwa sama, fuska ga rana, daidai lokacin da musulmi ba ya salla. Me za su ce?

Shi ya kai mu zauren. Liman ya tambaye ni cikin ladabi abin da nake yi a kan dutsen. Na ce motsa jiki ne. Na'ibi ya ce shi dai bai taɓa ganin motsa jikin da ake tura wanda ba a gani, a kuma yi masa sannu ba. Baffana bai yi dariya ba. Idonsa ya cika da ƙwalla, ya ce da ni ɗana, ya tuna mini irin gorin da suka sha kafin a yarda su tsaya a sahun gaba. Sai liman ya ce in tashi in gwada musu, magana ta ƙare. A nan na yi kuskurena. Na dubi kaina, da furfurata, tsaye da ƙafa ɗaya gaban manya, na ce ba zan yi ba, wanda bai yarda da maganata ba ya bari. Azahar ta ranar wani ne ya kira ta.

Da Babbar Salla ƙanena ya dawo, ya ji labari, ya yi taici a ƙofar masallaci gaban kowa. Aka yi ta dariya, har na'ibi ya gwada ya kusa faɗuwa. Baffana ya zo har gida ya ba ni haƙuri. Amma liman ya ce ba zai karɓe ladanci daga wanda ya gaje ni ba, tunda bai yi laifin komai ba, kuma gaskiyarsa. Har yau ina zaune a sahu ina jin kiran wani, da numfashi cike a ƙirjina wanda ba ni da inda zan kai shi.

Ban daina taici ba, yanzu a ƙofar gida nake yi, dattawa biyu suna bina. Na gane amfaninsa gaskiya ne, ɓoyo da girman kai su suka cuce ni. Mai karatu, ina roƙonka: in za ka koya, ka ci gaba da shan maganin da aka ba ka, ka dubi wurin da za ka tsaya, ka yi a idon jama'a. In kuwa aka ce ka tashi ka gwada, don Allah ka tashi.