Hannun da Ke Ɗaure Ledar Asibitin Haƙori

Kafin ɗalibai su sa farar riga, Inna mai shara ta riga ta zagaye ɗakin koyon aikin haƙori. Kujera bayan kujera take bi tana ɗaure leda: auduga mai jini, safar hannu, wani sa'in har da haƙorin da aka cire jiya. Tun wasu malaman nan suna ɗalibai take wannan aiki, amma da wuya ka sami wanda ya san sunanta na yanka.

Yaran akwai kai, sai dai hankalinsu duk yana cikin bakin majinyaci. Da ɗalibi ya gama cire haƙori, sai ya dunƙule takardar da ke shimfiɗe kan tire da duk abin da ke kanta, ya cilla a kwandon shara, ya ruga nuna wa malami bajintarsa. Akwatin zuba allura kuwa ga shi nan jikin bango.

Wata safiya Inna ta danna leda da tafin hannu don ta ɗauru. Allurar kashe zafi da ke cikin ledar ta huda safar hannunta, ta shige naman. Bayan watanni gwaji ya nuna ciwon hanta.

Shugaban sashen ya kira ta, ya ce, "Inna, daga wace kujera ledar ta fito?"

Ta sani sarai. Ta ce, "Ranka ya daɗe, in na faɗa, yaro ɗaya za ku kora, sauran su ci gaba da dunƙule-dunƙulensu. Ku dai riƙa tara min ɗaliban."

Tun daga nan, duk sabbin ɗalibai sai sun fara tsayawa gabanta. Takan tsokane su, "Haƙorin ƙato kun iya tumɓukewa, 'yar allura ce ta gagare ku?" Suna cikin dariya sai ta buɗe tafinta. "Ku duba da kyau, 'ya'yana. Ba kwa ganin komai, ko? Ni ma ban gani ba." Nas ɗin ɗakin ta shaida cewa da yawansu ba su ƙara naɗe takarda ba sai sun tsince allura tukuna. Wasu kuwa, in jarrabawa ta matso, sukan manta.

Ke ce, Inna, kika sha ciwon da ba ke kika jawo ba, kuma ba ki ɗora wa ɗan kowa ba. Abin da ciwo a rai, wallahi.

Yanzu ƙafafu sun kumbura, ido ya yi rawaya, dole ta ajiye aiki. Babbar 'yarta ce za ta gaje ta, don gida ba wata hanyar abinci. Wannan ne ke hana Inna sukuni. Ranar sallama ta yi ta nanata mata, "Kar ki danna leda da hannu. Kar ki bari ta goge ki a ƙafa."

Sai ta kamo hannun 'yar, ta ɗaga wa ɗalibai. "Ni kam tawa ta riga ta same ni. Wannan kuwa ƙalau na kawo muku shi."

Mun gode, Inna. Allah ya ba ki lafiya, ya saka miki. Ku kuma likitocin gobe, kafin ku dunƙule takardar nan, ku buɗe ta ku duba. Gobe da safe 'yar Inna ce za ta ɗaure ledar.