Daktora da Ta Riƙa Zuwa Wurin Inna

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, don haka tun da na buɗi ido ban taɓa jin Inna ta kira sunana ba. "Ke" take ce mini, in kuma da baƙi ta ce "waccan". Ban ɗauki abin a bakin komai ba, kunyar ɗan fari ce, haka ta taso ta ga ana yi a garinsu can Nijar kafin aure ya kawo ta Injamena. Ƙannena duk sun watse, wani yana fataucin shanu, wata tana aure a Kuseri. Ni na zauna da ita a tsohon gidanmu na unguwar Marjandafak, ina sayar da turaren wuta a kasuwa.

Da hawan jini ya kama ta, ni nake kai ta ƙaramin asibitin unguwa. In rufe rumfa, in tare mana tasi, mu zauna a benci har rana ta take. Larabcin Inna bai wuce na cefane ba, Faransanci kuwa ko "zo in kashe ki" ba ta sani ba, saboda haka ni ce bakinta. A tambaye ta ina ke ciwo, ta ce, "Da sauƙi." In fassara. A rubuta magani mu dawo. Wani watan mu tarar da sabuwar fuska a kan kujerar likita, a sake tambaya daga farko.

Wata rana da hantsi sai ga wata matashiyar likita ta yi sallama a gidan. Ta ce ana wani bincike ne a kan ƙananan asibitoci, ana so a gane abin da ke sa masu ciwon da ba ya warkewa su fara zuwa sannan su daina, shi ya sa take bin marasa lafiya har gida. Da Larabci ta fara, na gyara zama zan fassara. Sai ta ji Inna ta ce mini in kawo tabarma, ta juya harshe zuwa Hausa. Ashe uwarta Bahaushiya ce.

"Inna, ina kwana? Yaya ƙarfin jiki?"

Na ga fuskar Inna ta washe kamar an kunna fitila. Bayan gaisuwa likitar ta roƙe ni in ba su wuri, wai ƙa'idar aikin ke nan. Na fita tsakar gida na kama wanke-wanken da na riga na wanke.

Ina jiyo muryar Inna, tana ta zuba. Matar da ke amsa mini da kalma ɗaya, ga ta tana ba da labari har da dariya. Da suka fito ta rako ta har bakin zaure, abin da ba ta yi wa kowa saboda gwiwa, tana cewa, "Allah ya yi miki albarka, 'yata."

'Yata. Kalmar ta tsaya mini a rai har dare.

Daga nan Daktora, kamar yadda unguwa ta sa mata, ta riƙa dawowa. Ranar da za ta zo Inna takan yi wanka da wuri, ta sa in haɗa karkanji mai sanyi, wato zoɓo, ta ɗebi turarena mafi kyau ta turara ɗaki. Ni da na yi shekaru ina shafa mata man zafi a ƙafa ban taɓa samun wannan tarba ba. Na fara ganin laifin yarinyar a komai. Takalminta ya cika ƙara. Murmushinta na aiki ne. Na ce wa maƙwabciyata ta rumfa, "Za ta kwashe zancen tsohuwa ta je ta samu girma da shi, mu a bar mu da jinya." Ta ce, "Ke dai kishi kike." Na ce da wa, da 'yar cikina? Amma na san ta faɗi gaskiya.

Ran nan Daktora ta same ni a madafa ta durƙusa kusa da ni.

"Yaya, Inna ta yarda in gaya miki wani abu. Ba ta shan ƙwayar safe."

Na ce, "Ni nake ba ta da hannuna."

"Tana karɓa, ba ta haɗiyewa. Tana sa ta yawan fitsari, wani lokaci kafin ta kai bayi ya kubce mata, alwala ba ta zama. Ta ce ba za ta iya faɗin wannan ta bakinki ba, a gaban namijin da ba ta taɓa gani ba."

Na tsaya da muciya a hannu. Tausayin Inna ya kama ni, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne baƙuwa ce ke gaya mini abin da ke faruwa a ɗakin da nake kwana. Na ce, "To, tun da ke ce 'yarta, sai ki san yadda za ki yi."

Ba ta yi fushi ba. Ta ce za ta yi magana a sauya maganin. Sannan ta ce binciken ya haɗa da masu jinya, ko zan ba ta lokaci. Na ce ba ni da abin faɗa.

Mako na gaba na zauna da ita a zaure don in sallame ta da kalma biyu. Ta tambaye ni wa ke duba ni in na yi rashin lafiya. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na faɗi ranakun da muka je babu magani, da cinikin da ke wuce ni ina kan benci, da ciwon bayan da ban taɓa kai wa kowa ba. Har la'asar ta yi.

Da na shiga ɗaki Inna ta juya mini baya tana jan carbi. Can ta ce, "Ke, me kika daɗe kina gaya mata haka?"

"Tambayoyi ne kawai, Inna."

"Hm. Ai wurina take zuwa."

An sauya maganin, kumburin da ke ƙafar Inna ya sauka, ta koma sallarta da natsuwa. Binciken ya ƙare, aka tura Daktora aiki wani gari a kudu. Asibitin unguwarmu yana nan yadda yake, ban san inda rahoton ya kwana ba. Abin da ya canja shi ne yanzu in mun shiga nakan nemi mace ta duba ta, in kuma yi tambayar da Inna ba za ta fara ba, ita kuma ta amsa tana kallon bango.

Daktora takan kira ranar Sallah. Inna ba ta da waya, tawa ake kira. Mu gaisa, ta tambayi bayana, in miƙa wa Inna in fita tsakar gida. Ba na dai yin nisa da taga.