Jinin da Aka Gwada Ba Nasa Ba Ne

Wata rana, wani tela mai suna Nafi'u ya raka matarsa Zulai asibiti. Ɗansu mai wata tara ya kwana biyu yana tsala kuka, yatsunsa duk sun kumbura.

Likita ta ce sikila ce.

Zulai ta zaro takardun gwajinsu na kafin aure. Ita AS, shi AA.

Likita ta ce mai AA ba ya haifar mai sikila, uban ya sake gwaji.

Nafi'u ya ce ɗinki ya yi masa yawa a shago.

Ƙarya yake yi. Shi ma AS ne, kuma ya sani. Zulai 'yar kawunsa ce, yana sonta kamar ransa. Da lokacin gwaji ya zo, sai ya tura abokinsa mai AA ya ba da jini da sunansa. Wai Allah zai kiyaye, sai ka ce ba Allah ne ya ba shi hankali ba.

Jinin AS ya yi yawa a ƙasarmu ta sauro, domin mai AS ya fi jure zazzaɓi. Kakanni sun rayu da shi, sun bar wa jikoki. Auren zumunci kuma yakan haɗa masu shi a ɗaki ɗaya.

Magana ta fita. Dangi suka fara tambaya: in uba AA ne, ɗan na wa ne?

Mata suka daina amsa gaisuwar Zulai a gidan biki. Wata uku Nafi'u yana kallonta tana ramewa, bakinsa gum. Tsoro ne da kunya suka riƙe shi.

Ranar da kawu ya tara dangi ya ce 'yarsa ta dafa Alƙur'ani ta rantse, Nafi'u ya miƙe.

"Kawu, kada ta dafa. Jinin da aka gwada ba nawa ba ne."

Zulai ta dube shi.

"Yaya, wata ukun nan da ake ce mini mazinaciya, a gabanka nake kuka."



Ta goya ɗanta ta bi mahaifinta. Sunanta ya wanku. Yaron kuwa, ko makon jiya sai da aka ƙara masa jini.

Darasi: Gwajin jini kafin aure ba takardar cika ka'ida ba ce. Wanda ya yi magudi a cikinsa, jaririnsa ya cuta.

Ku tura wa duk wanda aka sa masa rana.