Keken Gwaggo da Ƙullutun da Na Ɓoye

Ko zan manta komai na shekarar da na gama lise, wato sakandare, ba zan manta Asabar ɗin da na raka gwaggona karɓar keke ba. Har yau in na tuna, dariya kan zo mini.

Wata uku ke nan ina ɗauke da ƙullutu a nonona na hagu, kamar ƙwayar gujiya. A lakkol, makarantarmu, mun karanta ciwon sankara, don haka ni kaɗai na yanke wa kaina hukunci cewa mutuwa zan yi. To wa zan gaya wa? Ni ce ƴar fari. Iya ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, "ke" kawai take ce mini. Hira ma ba mu taɓa yi ba, balle zancen nono.

A Birni akwai wasu ƴan gida ɗaya, fataken fata, waɗanda wannan ciwon ya ɗauke musu mahaifiya. Maimakon yanka shanu duk shekara, sai suka sauya wa sadakarta hanya: suna raba wa guragu kekuna, suna kawo likitoci su duba mata kyauta, suna kuma ɗaukar nauyin masu bincike a kan ciwon. Gwaggo, ƙanwar babana, ƙafafunta sun shanye tun tana yarinya, amma bakinta lafiya lau. Sunanta ya fito cikin masu keke.

Da safe Iya ta ce, idonta a kan tukunya, "Ke, raka gwaggonki."

Muka tarar da tsakar gidan fataken cike da mata, kekuna masu tuƙin hannu a jere ƙarƙashin rumfa. Aka kira Gwaggo. Ta naɗe hannu ta ce, "Ba na hawa."

Babbar ɗiyar gidan, wata Hajiya mai fara'a, ta durƙusa gabanta. "Lafiya, baiwar Allah? Bai yi miki ba?"

"Keke ya yi, Hajiya. Amma sai an duba mini wannan ɗiyar tukuna."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na sunkuya na ce, "Gwaggo, wa ya gaya miki?"

"Uwarki makauniya ce? Wata uku kina dafe ƙirji, kina barin tuwo a kwano. Ita kunya ta rufe mata baki. Ni kuwa ba ni na haife ki ba, tashi!"

Hajiya ta kama hannuna da kanta ta kai ni ɗakin likita. Likitar mace ce, ta duba ni a hankali, ta ɗebi ɗan abu da allura don a aika Yamai, ta tambaye ni ko na yarda masu bincike su yi aiki da sauran abin da ta ɗeba. Na sa hannu. Da na fito, Gwaggo ta riga ta hau kekenta tana zagaya rumfa tana ihu, "Ku kauce, ban san inda birki yake ba!" Na yi dariya da hawaye a fuska.

Sati biyu na yi kamar ba ni da rai. Sannan takarda ta zo: ba sankara ba ce. Aka cire ƙullutun a lopital, wato asibiti. Ranar da na kawo labarin, Iya ba ta ɗago kai daga tsintar shinkafa ba, ta ce, "To, madalla." Amma miyar ranar sau biyu ta zuba mata gishiri, muka ci haka.

Har yanzu in yatsana ya taɓa tabon, nakan tuna. Da ciwon sankara ne, wata ukun da na ɓata ina ɓoyo da sun ishe shi ya gama da ni. Na koyi cewa kunya tana da wurinta, amma ba a kan ciwo ba. Wadda ba ta iya gaya wa uwarta, ta nemi gwaggo mai baki tun ranar farko.