Ya Ce Babu Kowa a Ƙorama

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Da hannuna nake wannan rubutu, ban sa kowa ya rubuta mini ba. In an ga layi ya karkace a yi haƙuri, sai da furfura ta fara fito mini na koyi riƙe biro. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na garinmu ba. Ƙauye ne a ƙasar Hamdara, wajen Mirya, kuma wanda nake magana a kansa zai gane kansa in an karanta masa.

A lokacin da abin ya faru ni maginar tukwane ce, kamar uwata da kakata. Ban san baƙi ba, ban san lamba ba, salula ma sai a latsa mini a kara mini a kunne. Amma ina da baki, kowa a gari ya shaida. Ina da ƙanwa guda, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya ƙanana, ta dawo kusa da ni muna sana'a tare. Ni ce mai faɗa, ita ce mai dariya. In ta gina randa, takan danna babban yatsanta a wuyan randar ta jera tabo kamar sarƙa, ko a kasuwar Damagaram na ga aikinta sai na gane shi. Yumɓun da muke aiki da shi a gaɓar ƙorama yake, a wani rami da mata suka daɗe suna haƙa har ya zurfafa ya shige ƙarƙashin gaɓa. Wanda ke ciki ba ya ganin sama, ba ya jin abin da ke tahowa. Ƙoramar kuma a bushe take yawancin shekara, sai dai ruwanta ba namu ba ne. In an yi ruwa can arewa kan duwatsu, sai ta ciko ta taho mana, mu kuwa rana na dukanmu.

Saboda haka ne mutanen meri, wato ofishin magajin gari, suka kafa komite a garinmu, suka ba da salula guda. In masu duba yanayi, 'yan meteyo, sun hango ruwa mai yawa ko iska ko tsawa ko zafin da ke kayar da mutum, sai su turo saƙo, mai salula ya sanar da gari. Wanda aka ba salular wan mijina ne, don ya taɓa zama a lakkwal, makarantar boko, yana jin faransanci. Ku da kuka san al'adarmu kun san mace ba ta ɗaga ido ta dubi wan mijinta. Yaya nake ce masa, in na gaishe shi har ƙasa nake durƙusawa, ban taɓa kama sunansa ba.

Ranar da abin ya faru, sama garau take. Ni ce ya kamata in je ɗibar yumɓu, amma na riga na jera tukwane zan sa wuta, sai ƙanwata ta ce in zauna ita ta je, tana tsokanata wai ƙibata ba za ta bar ni in shiga ramin ba. Ta ɗauki kwando da fartanya suka tafi da wasu mata. Bayan azahar muka ji wani ruri kamar babbar mota na tahowa. Kafin in kai bakin ƙorama, ruwa ja jawur ya cika ta gaɓa da gaɓa, yana tafe da itatuwa. Matan da ke bakin rami sun tsira da gudu. Ita tana can ciki. 'Yan kwana-kwana, waɗanda muke cewa pompiye, sun iso daga baya, kuma wallahi sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma gawa suka zo nema. A ƙasan garin da ke gaba da mu aka same ta, ta maƙale a saiwar gawo.

Na ɗauka ƙaddara ce zalla, na yi ta kuka ina cewa Allah ya so. Sai a zaman makoki, ina zaune jikin zana, maza suna ɗaya gefen, na ji wani dattijo yana cewa a gode wa Allah da saƙon nan ya zo da wuri, da yanzu shanun gari da amalanke duk ruwa ya tafi da su. Wani ya amsa masa cewa ai Yaya ya kyauta, tun da hantsi ya faɗa musu a majalisa, ya sake faɗa a ƙofar masallaci. Ashe saƙo ya zo. Maza sun ji, sun sauka sun kore shanunsu, sun janye amalanke, har wani ya tuna da igiyar da ya bari ya koma ya ɗauko. Babu ko ɗaya da ya shiga cikin gida ya faɗa wa mace. Ban tashi daga wurin ba sai da na ƙara jin abin da ya fi wannan. Pompiye sun ajiye mota a shirye a Mirya saboda wannan ruwan, sun buga wa Yaya suna tambaya ko akwai mutane a ƙorama su zo su fitar da su. Ya ce musu an kwashe komai, babu kowa. Sai suka nufi wani gari.

Ranar na ajiye kunya. Na zagaya zana na tsaya a kansa a gaban maza, ko mayafi ban gyara ba, na tambaye shi ko 'yar uwata ba kowa ba ce. Na ce ya gaya mini saniya nawa ce ta kai ta. Ya ƙi dubana, ya ce wa mijina ya ja matarsa, ai kowane magidanci shi ke da alhakin sanar da iyalinsa, shi ya sauke nasa nauyi. Na ce to wadda ba ta da miji fa, wa zai sanar da ita, kabari? Tsofaffi suka yi ta salati, suna cewa baƙin ciki ya taɓa mini kai. Shi kuwa ya ƙara da cewa ko da ya miƙa mini salular, zan iya bambanta saƙo da kashin kaza? Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa, a gidan makokin ƙanwata.

Wannan dariyar ce ta kai ni ajin yaƙi da jahilci. Ba zan yi muku ƙarya in ce son ilimi ne ba. Da can an sha zuwa a rubuta sunayen mata, ni ce ke kan gaba wajen cewa wa zai bar tukunya ta bushe ya je ya zana kan allo. Yanzu na je ne don in ƙwace salular nan daga hannunsa. Na zauna kan tabarma da 'yan matan da na haifi sa'anninsu, hannuna da ya saba da yumɓu yana karya alli. In harafi ya ƙi shiga kaina sai in tuna fuskar Yaya, sai ya shiga. Na iya karatun Hausa, na matsa wa malamar ta koya mini faransancin da ke zuwa a irin wannan saƙo, kalmar ruwa, ta iska, ta tsawa, da ma'anar launi, wane ne a yi hattara, wane ne a tashi a gudu. Damina ta zo ta wuce fiye da sau ɗaya ina wannan fama, ga marayu ina riƙo, ga mijina ya shiga tsakiya, shi da wansa sun daina cin tuwo kwano ɗaya.

Da mutanen meri suka dawo sabunta komite, suka ce dole a sa mace, kuma mai karatu. Yaya ya ce a rubuta sunan matarsa, shi zai riƙa karanta mata. Na miƙe na ce a miƙo salula nan a ba ni a ba ta, kowacce ta karanta. Matarsa baiwar Allah ta sunkuyar da kai. Ni na karanta, da in'ina amma na kai ƙarshe. Sannan na ba baƙin labarin ramin yumɓu daga farko, ban rage ko kalma ba. Mata suka ɗaga hannu, har da waɗanda mazansu ke harararsu. Aka ba ni salula da amsa-kuwwa. Da Yaya zai miƙo mini, sai ya ajiye a ƙasa. Na sunkuya na ɗauka, na ce wannan ne durƙuso na ƙarshe da zai gani daga gare ni.

Ga abin da nake so in faɗa wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Daminar da ta biyo baya, wata safiya jan saƙo ya shigo, ruwa mai ƙarfi a arewa tare da iska da tsawa. Na ɗauki amsa-kuwwa na bi gida-gida, na shiga har madafa, na je rijiya, na je bakin rami. Da na iso ƙofar gidan Yaya, na kashe amsa-kuwwar na wuce. Da gangan. Zuciyata na cewa bari ya ɗanɗana, bari shi ma a ce gidansa babu kowa. Na yi gaba kaɗan sai idona ya faɗa kan randar da ke zaurensa, ga tabon yatsa jere a wuyanta. Aikin ƙanwata ne. Na tsaya ina kallonta, sai na tambayi kaina, wa zai sauka ƙorama yau daga gidan nan? Shi dai ƙafarsa ba ta taɓa taka ramin yumɓu ba. Matarsa ce za ta je, da surukansa, da jikarsa mai bin su da ɗan kwando. Da na yi shiru, da mata zan sake binnewa, shi kuma ya zauna a tabarma yana karɓar gaisuwa.

Na dawo na tsaya daidai bakin zaurensa, yana kishingiɗe da carbi. Na kunna amsa-kuwwa na ƙure ta. Na kira sunan ƙanwata da na ubanmu, na ce wannan saƙon nata ne, duk mace da ke gidan nan kada ta sauka ƙorama, a shiga da yara ɗaki, kada a fake ƙarƙashin itace. Ya zabura har carbin ya faɗi. Ruwa ya zo da la'asar kamar yadda aka ce. Da pompiye suka bugo suna tambaya, sai da na je da ƙafata na leƙa ramin kafin na ce musu babu kowa.

Tun daga ranar, kowane saƙo, na ruwa ne ko na iska ko na zafi, daga ƙofar gidansa nake farawa, kuma da sunanta nake buɗewa. Ya aiko mijina ya roƙe ni in daina, wai ina tayar masa da hankali. Na ce a gaya masa shi bai taɓa zuwa ya ce in yafe ba, ni ma ban yafe ba. Malamai sun yi mini wa'azi, na saurara, ina roƙon Allah ya sanyaya mini zuciya, amma ba zan rubuta muku cewa ta sanyaya ba.

Nadamata ita ce shekarun da na yi ina raina karatu, na bar kunnena a aljihun wani. Ku mata 'yan uwana, in an kafa irin wannan komite a garinku, ku tambaya wa ke riƙe da salula, kuma ina yake faɗar saƙo. In a majalisa da ƙofar masallaci kawai yake tsayawa, to bai iso gare ku ba. Ku kuma masu turo saƙo daga birni, ku riƙa tambaya ko ya shiga cikin gida, ya je rijiya, ya je wurin masu itace da masu yumɓu. Kai kuma da aka damƙa wa amana, in an tambaye ka ko akwai mutane a wuri, tashi ka je ka duba da idonka. Ƙanwata tana cikin rami da kwandonta lokacin da aka ce babu kowa. Muddin ina da murya, zai ji sunanta kowace damina.