Rumbun da Baba Ya Rufe

Shekarar da albashin malaman lakol, wato makarantar boko, ya daina zuwa a kan kari, muka tattara komatsanmu daga Gazawa muka koma gidan iyayen mijina, a wani ƙauye kusa da Gangara. Ni, da mijina malamin lakol, da yara uku. Lokacin ne jam'iyyu suka fito, kowa da tutarsa da alkawarinsa, amma tukunyarmu ba ta ga canji ba.

A gidan, idan an gama girbi maigida yakan rufe babban rumbu, ba a buɗewa sai ruwa ya sauka, don masu noma su sami abin ci. Da rani kowace mace ta ci da 'ya'yanta daga gamanarta, wato 'yar gonar da aka yanka mata. Ni matar gari ce, ba ni da ko taki ɗaya. A wannan shekara surukina, Baba, ya rufe rumbun da wuri, ya kewaye shi da ƙaya. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, shayi kuwa sai dai labari.

Ni mai sa ido ce, haka Allah ya yi ni. Na fara ganin kaji suna tono a gindin rumbun da aka ce ba a taɓawa. Wata safiya na ga an gusar da ƙayar an mayar, ba yadda take ba. Nan take zuciyata ta sauka a kan wan mijina. Yana bin wani ɗan takara, ga sabuwar hula, ga goro a baki kullum, kuma kasuwar Gangara ba ta ci babu shi. Mai ci da hatsin wani ai ba ya ramewa.

Na gaya wa mijina. Ya ce, "Ki bar maganar ga. Mu da munka zo da bakuna, ba mu zo da dami ko guda ba."

Ban bari ba. Idan wan nasa ya ɗaura jaki a amalanke, sai in ƙirƙiri dalilin wucewa in dafa buhunan da hannu, in ji ko hatsi ne a ciki. Na tsane shi sosai, har gaisuwarsa ta riƙa yi mini kama da rainin wayo. Abin da kawai ke sanyaya mini rai shi ne surukata, Inna. Kowane hantsi takan kira yarana ɗakinta ta dama musu fura, ta ce na gamanarta ne. Nakan yi godiya in koma gadina.

Da ruwa ya sauka, Baba ya sa aka ɗaga jinkar rumbun. Wan mijina ya hau ya leƙa. Gefe guda na hatsin ya rufta, an yi ta zare zangarniya ta ƙasa. Ni da ko ido ba na haɗawa da Baba, sai na ji bakina ya ce, "Baba, a tambayi masu zuwa kasuwa."

Inna ce ta amsa, tana zaune a kan turmi, ba ta ko ɗaga murya ba. "Ɗiyata, gamanata ta ƙare tun cikin sanyi. Hurar da ɗiyanki ka sha, daga ina kike cewa ta hito?"

Baba ya dubi jikokinsa, ya ce a mayar da jinka. Har ya bar duniya ban gane ko da saninsa aka yi ba.

Hatsin bai kai mu ƙarshen noman farko ba. Mijina, wanda yaran ƙauyen ke kira mushe, wato malam, ya ɗauki hauya ya shiga ƙwadago a gonakin mutane. Wansa ne ya riƙa tashinsa da safe, su tafi tare. Hular ma ya sayar da ita a kasuwar Gangara, ya kawo mini gero a cikin buhun da na sha dafawa.